Shuɗin Rubutu a Katangar Inna Saratu

Saratu 'yar Damana ce, amma ta kusa shekara arba'in a Filinge, a wani gida da ke bakin hanyar kasuwar dabbobi. Mijinta Magagi magini ne. Shi ya tayar da katangar gidan da hannunsa, ita kuma ta yi ta kwaɓa masa ƙasa har ta iya yaɓe fiye da maza da yawa. Tun da ya rasu, damina ba ta taɓa wucewa ba ta sake shafe katangar ba, ta bi ta da tafin hannu har ta yi sumul. Ranar kasuwa takan zauna a gindinta da kwanon kwaɗon zogale, wanda mutanen wajen ke kira kopto, masu jiran motar Sanam su saya su ci a inuwa.

Washegarin wata kasuwa ta fito shara da hantsi, sai ta tsaya cak. An yi wa katangar rubutu da shuɗin fenti: wani zagaye mai kamar sawun kaza a ciki, ƙasansa kuma jerin lambobi, fentin ya zuba kamar hawaye. Saratu ba ta yi lakwal ba, ba ta iya karatun boko ba. Ta matsa ta duba, ta ja da baya ta duba, ta karkata kai, ba ta gane komai ba.

Maƙwabciyarta Lailatu ta leƙo, ta dafe ƙirji. "Wayyo Inna! Wanga ai shaidar rusau ce. Haka aka yi wa gidan ƙanwata a Yamai da za a faɗaɗa hanya."

"Wace hanya? Hanyar ga da jakuna ka bi?"

"Ni dai na faɗa miki abin da na gani."

Kafin azahar mutane sun taru. Wani ya ce masu rigakafi ne, wata ta ce a'a, su da alli suke yi, kuma a ƙofa. Wani ya ce alamar wata ƙungiya ce. Aka kira Malam Isufu, limamin masallacin unguwa. Ya daɗe yana kallon zagayen, sannan ya ce ya so ya yi kama da hatimi, amma bai taɓa ganin irinsa a littafi ba, lambobin boko kuwa ba fanninsa ba ne. Ya yi addu'a ya tafi. Saratu ta koma cikin gida ba ta san ko ta fara ɗaure kaya ba, ko ta nemi rubutun sha, ko ta ɗora tukunya.

Ta je wurin mai unguwa. Ya ce ba a sanar da shi wani rusau ba, ta je meri, ofishin magajin gari, ta tambaya. A meri aka haɗa ta da wani ma'aikaci, Kabiru, mai fara'a. Ya hau babur ya biyo ta har gida, ya ɗauki hoton katangar.

"Inna, wannan ba aikinmu ba ne. Lambar salula ce nake gani."

"Salular wa?"

Ya buga, ba ta shiga. Ya ce wataƙila wannan bakwai ce ba ɗaya ba, don fentin ya zuba. Ya sake bugawa, wata mata ta ɗauka da Zabarmanci ta ce ba ta san zancen ba. Ya koma ta farkon, shiru.

"To in shafe?" in ji Saratu.

"Katangarki ce, Inna. Ba wanda ke da izinin rubutu a kai."

Ta fara da ruwa da omo da buhu, fentin ya ƙara bazuwa, katangar ta koma kamar bakin karofin masu rini. Sai ta ɗauko fartanya ta kankare wurin, ta jiƙa laka da ƙaiƙayi, ta bar ta ta kwana biyu, ta yaɓe. Da ya bushe, sai wanda ya sani ne zai gane wurin. Ta sa aka saro mata ƙaya ta jera a gindin katangar don kada kowa ya sake matsowa. Ranar kasuwa kuma ta ga masu sayen kopto ba su da wurin jingina, sai ta janye rabin ƙayar.

A kasuwa ta biyu wani dogon mutum mai rawani ya zo ya tsaya yana shafa katangar, yana waige-waige kamar ya ɓata hanya.

"Inna, ba nan ne gidan mai kopto ba?"

"Nan ne."

"To ina rubutuna?"

Saratu ta miƙe, ludayi a hannu. Maganar da ta kwana goma sha uku tana tarawa ta taso mata, amma fuskar mutumin ta hana ta fita. Ya ce sunansa Zaidu, daga wani ƙauye bayan Sanam. Bijiminsa na huɗa ne ya tsinke a kasuwa ya ɓace. Zagayen nan lalas ne, wato shaidar wutar da ke cinyar bijimin, lambar kuma tasa ce. Ya ari fentin da ake yi wa tumaki shaida ya rubuta a nan, don ya ga kowa nan yake tsayawa. Garinsu ba rezo sai an hau tudu, shi ya sa kiran salula ba ya shiga. Yau aka ce masa wani mutumin Tondikandiya ya ga sa mai wannan lalas cikin garkensa, ya ji labarin rubutun, ya zo makon jiya don ya kwafi lambar, ya tarar ba komai, ya koma.

"Mi ya hana ka yi sallama ka faɗa mini?"

"Kin shiga gida, Inna, mota kuma tana shirin tashi."

"Ai da ka tambaya..." Ba ta san ko da ya tambaya za ta yarda ba. Ta rasa wanda ya kamata ya ba wani haƙuri, sai suka ba juna tare. Ta zuba masa kopto, ya ci a tsaye.

Sai da Zaidu ya yi mako uku yana bin kasuwanni kafin ya gamu da mutumin. Ya samu bijiminsa, ya rame amma lafiya lau. Da labarin ya kai ga mai unguwa, ya sa aka kafa wata tsohuwar ƙofar ƙarfe a gindin itacen bedi, tsallaken hanya, ya yi shela cewa mai cigiya ya rubuta can, wanda aka kama yana ɓata katangar mutane kuma shi zai yaɓe ta. Ƙofar ta cika cikin wata guda.

Duk da haka, da kaka wani ya sake rubuta wa Saratu layi biyu da gawayi. Ta ɗauko ruwa, ta tsaya, ta ajiye. In akuyar wani ce ta ɓace fa? Ta bar shi, har tana hana awaki goga jiki a wurin. Kwana shida yana nan, masu wucewa suna kallo suna murmushi, ita tana zaton jaje suke yi wa mai cigiya. Ran na bakwai Kabiru ya biyo a babur, ta tsayar da shi.

Ya karanta, ya danne dariya. "Inna, 'yan ƙwallon unguwarku ne. Sun ce na unguwar Tudu ba su iya komai ba."

"Ba abin da ya ɓace?"

"Ba abin da ya ɓace."

Ta wanke rubutun nan take, gawayi ba ya gardama. Tana cikin wankewa ta ce wa Kabiru, in ya sake biyowa ya zo mata da lambarsa a takarda, manya-manya, ta ba Lailatu ta ajiye, don su kira shi in an sake wani rubutun.