Motar da Ta San Mai Ita

A cikin birnin Zariya mota ba ta cika kwana a ƙofar gidan mai ita ba. Lungunanmu an yanke su tun zamanin da jaki ne babbar mota, kuma namu na Kwarbai in ka haɗu da mai kurar ruwa sai ka lafe da bango ya wuce. Don haka motocin unguwa a fili ɗaya suke kwana, gaban masallaci. Baƙo zai ga motoci, amma ba zai san wace ce ta wane ba. Ba kuma zai tambaya ba in yana da wayo, domin a nan kowa ɗan'uwan kowa ne, kafin ya rufe baki labarin tambayarsa ya riga shi isa gidan.

Da wannan ƙanena ya dogara ranar da ya ce mini zai sayi jif. Shi ɗan kasuwa ne, masara da waken suya yake tarawa daga kasuwannin ƙauye. Ni malamin makaranta ne, ni da tsohon babur ɗina mun san halin juna. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, kuma kamarmu ta yi yawa: tsawo, goshi, har yadda muke jefa ƙafa. Furfurar gemuna ce kaɗai take raba mu.

Ban ji daɗin maganar ba. A lokacin masu garkuwa da mutane sun matsa wa hanyoyin ƙauye, kuma ba a daɗe da ɗauke wani abokin cinikinsa a hanyar gona ba. Kowa ya san ba a daji ake fara ɗaukar mutum ba. A gari ake farawa, ranar da wani ya zauna ya gane fuskarka. Na faɗa masa haka, ya ce, "Yaya, wa zai san tawa ce? A fili za ta kwana kamar ta kowa." Ya roƙe ni in raka shi mu duba, na bi shi ina ƙunƙuni.

Garejin dillalan yana bayan ganuwa, bakin titi. Damina ce, hadari ya haɗo har rumfar kwanon ta yi duhu tun la'asar. Dillalin, wani mai haƙorin Makka da bakinsa ba ya hutawa, ya kai mu gaban jif biyu tokumbo, launin toka, ƙira ɗaya, shekara ɗaya. A idona tagwaye ne. Ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, wannan ƙaramar ce, waccan kuma ful ofshin, komai da komai an sa mata. Uwarsu ɗaya, amma ba gida ɗaya aka aurar da su ba."

Ya shiga jero bambancin. Ƙaramar kujerunta fata ne, sai dai da hannu ake jan su, babbar kuwa maɓalli ne, har sanyi take hura wa mutum a baya. Babbar tana da gilashi a rufi, da kyamarar da ke nuna maka bayanka, da makullin da ba a murɗawa, yana aljihu kake tayar da ita. Duk wannan bai dame ni ba, ni da nake zama a kan kujerar babur da aka ɗaure da roba. Sai da ya zo kan fitila na tsaya.

Ya kunna ƙaramar, fitilunta suka kama, ja-ja haka, suka tsaya inda aka sa su kamar na kowace mota. Ya kashe, ya kunna babbar. Fitilun suka dubi ƙasa, suka dubi hagu, suka dubi dama, sannan suka ɗago suka tsaya a kaina. Ya murɗa sitiyari, suka bi shi har kusurwar rumfar inda aka tara tsofaffin tayoyi. "Ka gani?" in ji shi. "Kafin ka sha kwana ta riga ka leƙawa. In wata mota ta taho, da kanta take sunkuyar da ido, ta wuce ta ɗago." Ni dai hawainiya ta tuna mini, kuma tun ina yaro ba na son abin da idonsa yake juyawa jikinsa na tsaye.

Sai ya ce saura ɗaya. Ya kashe motar, ya jefa makullin a aljihu, ya tafi can bakin titi, ya juyo yana tafe a hankali. Yana matsowa, ba tare da ya taɓa komai ba, motar ta buɗe ido. Madubai suka miƙe kamar kunnuwan akuyar da ta ji dusa, wani haske ya zubo ƙasa a gindin ƙofa. "Ta san mai ita," in ji dillalin, yana washe haƙori. "Ko cikin mutum dubu kake, kai za ta gaisar."

Na ja ƙanena gefe na ce ya ɗauki ƙaramar. Ya ce, "Yaya, ba ƙawa nake nema ba. Ka san hanyoyin nan. A kwana suke ajiye gungume, ko su tsaya a bayan kwanar. Fitilar da za ta nuna mini su kafin in shiga, ai ita ce rai." Maganarsa da hankali, shi ya sa ta ƙara ba ni haushi. Ya ɗauki babbar.

A gidanmu ƙarami ba ya hawa sabon abu sai ya kawo wa babba. Da daddare ya shigo zaurena, ya durƙusa, ya ajiye makullai biyu a gabana ya ce, "Yaya, ga mota nan, taka ce, a sa albarka." Na yi addu'a na tura masa. Ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya, ya ce wannan ya zauna a wurina ko za a tashi da larura ba ya nan. Na jefa shi a aljihun gaba tare da carbi, na manta.

Motar ba ta manta ba. Shi ƙanena kaka yake jira, don haka bai cika fita da ita ba. Makullinsa na ɗaki, shagonsa a keke yake zuwa, ta ɗaya bakin lungun yake fita ya dawo, sallolinsa a masallacin kasuwa. Ni ne mai ratsa filin nan kowace salla. Da rana ba a lura sosai, amma magariba na yi, ina doso masallaci, sai ta buɗe ido ta miƙe kunnuwa, in na fito ta sake. 'Yan majalisar ƙofar masallaci suka samu abin yi. "Malam, amaryarka na gaishe ka!" Ni kuma in ce, "Ba tawa ba ce, ta ƙanena ce, ni ɗan rakiya ne." Ba zan ɓoye ba, har na fara jin daɗin gaisuwar, don babur ɗina bai taɓa yi mini ko sannu ba.

A cikin waɗannan kwanaki wani mai yankan farce ya fara zama a gefen filin. Mai yankan farce ba a tambayarsa daga ina, ko'ina ya ga inuwa nasa ne. Amma na lura da abu biyu. Masu sana'ar nan almakashinsu ba ya shiru, ƙyas-ƙyas suke yi don a san sun iso, shi nasa yana cinya a kwance. Kuma mutane ake fuskanta in ana neman ciniki, shi motoci ya fuskanta, ya ba majalisa baya. Liman ya taɓa miƙa masa hannu, ya dawo yana tsaki, ya ce wannan ko farcen kaza bai iya ba.

Na ce wa raina zato zunubi. Sai dai tun daga ranar, in motar ta buɗe ido, ba ita nake kallo ba, shi nake kallo, kuma kullum sai in tarar ya riga ni.

Wata magariba an yi ruwa an ɗauke, an kuma ɗauke wuta. Na tsaya nafila har masallaci ya watse, 'yan majalisa ruwa ya kore su. Na fito filin ba kowa, sai kukan kwaɗi daga kududdufi. Ina zuwa daidai motar ta haska, kuma a cikin hasken yana tsaye, jakarsa a kafaɗa, kamar ya san inda hasken zai faɗa.

"Alhaji, barka da mota," in ji shi. Muryarsa a kwance, ba irin ta mai neman sadaka ba. "Ashe kai ne."

Amsar tana bakina, na faɗe ta sau ba adadi: ba tawa ba ce, ta ƙanena ce. Gaskiya ce, kuma da ita zan wanke kaina. Amma in na faɗa, na nuna masa ƙofa. Nawa 'ya'yan sun kawo ƙarfi, shi na ƙarshensa ko tafiya bai fara ba, da rarrafe yake tarar ubansa a zaure. Na ji tsoro ƙwarai, ban kuma ji wata jarumta ba. Kawai na tuna abin da mahaifiyarmu take cewa in ƙanena ya yi ɓarna aka doke ni, wai babba juji ne.

Na ce, "Ni ne."

Ya dube ni tun daga hula har takalmi, yadda tela yake duban mutum kafin ya ɗauko awo. Idonsa ya daɗe a gemuna. Ya ce, "Allah ya tsare hanya," ya juya ya bi ta wajen Ƙofar Kibo. Na tsaya har motar ta gaji ta rufe ido.

Washegari bai zo ba, bai kuma sake zuwa ba. Na sanar da mai unguwa, 'yan sintiri suka sa ido na ɗan lokaci. Na sami ƙanena na ce motar nan ta bar unguwa, na gaya masa mai yankan farcen da zamansa, amma ban gaya masa abin da muka yi da shi ba. Ya ce ai ana iya kashe gaisuwar a cikin na'urar motar. Na ce ko an kashe, ai ta riga ta yi gaisuwar da za ta yi. Ban taɓa ɗaga masa murya irin ta ranar ba. Ya mayar wa dillalin, aka ba shi ƙaramar, wadda fitilunta ba su san kowa ba.

Har yau ba abin da ya faru, kuma mai yiwuwa mutumin nan mai yankan farce ne da bai iya sana'arsa ba. Amma na daina zuwa gonarmu ta bayan Kufena, kuma in babur ya daɗe a bayana sai na tsaya ya wuce. Abin da yake kwantar mini da hankali ɗaya ne, in ma akwai masu nema, mai furfura suke nema.

A bana muna cin tuwo a zaure ƙanena ya shafa gemunsa ya matso kusa da fitila. Furfura ta fara fito masa, a daidai inda tawa ta fara. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, na kusa kamo ka, nan gaba ko matanmu sai sun tambaya."

Na tsame hannuna daga tuwon. Da safe na shiga kasuwa na sayo lalle, na kai wa matarsa, na ce ta riƙa sa masa a gemu. Ya biyo ni yana tambayar dalili, na ce masa sunna ne.