Jakar da ta mai da ni baƙon kwana

Har yau ban manta da ranar da na shiga rugar Ardo Sambo da babbar jaka a bayana ba. A lokacin ina ƙaramin malamin dabbobi a Doguwa, damina ta ja baya, ciwon huhu ya ɓulla a shanun kudancin Riruwai.

Ga wanda bai san aikin ba, allurar rigakafin tana zuwa ne cikin ƙanƙara. Idan ƙanƙarar ta narke, ƙa'ida ta hana a yi wa dabba ita. Ruga biyu aka ba ni ran nan: ta Ardo, sai ta Jauro Bello a tsallaken rafi, inda cutar ta fi matsowa.

Makon ne aka raba mana sababbin jakunkunan goyo, manya, masu aljihu ko'ina. Na zuba kayan aiki, da na ga sauran wuri na ƙara riga da bargo. Direbanmu ya dube ni ya ce, "Malam, Hajji za ka ne ba ka sallame mu ba?"

Ardo yana hango jakar ya miƙe. "Lale da Likita! Ku kai kayansa ɗakin baƙi." Kafin mu gama gaisawa an yanka zakara.

Na ce, "Baba Ardo, allura zan yi in wuce."

Ya yi dariya. "Mai wucewa ba ya ɗauko ɗakinsa a baya. Shanu sun fita kiwo, na ce kada a dawo da su da wuri tunda kana nan."

Tashi a bar abincin dattijo cin fuska ne, kuma idan Ardo ya ji an raina shi, babu rugar da za ta sake tara mana shanu. Na zauna. Aka aika daji a dawo da shanun, aka ci tuwo, aka sha kindirmo, ni kuwa hankalina na kan ƙanƙara.

Da na gama da shanun Ardo na isa wajen Jauro bayan la'asar, kwalaben allurar suna iyo cikin ruwa mai ɗumi. Ya tara shanunsa tun safe, ko kiwo ba su je ba. Na gaya masa gaskiya. Ya dubi garken, ya ce, "Allah Ya kai mu wani zuwan." Kafin a sake kawo magani ya rasa shanu.

Da na kai rahoto, shugabanmu bai yi faɗa ba. Ya ce, "Nemo jakar da ba za ta ɗauki abin da ba na aiki ba."

Na sayi ƙarama a kasuwar Tudun Wada, mai ɗaukar mazubin ƙanƙara, sirinji da gorar ruwa. Shi ya sa nake duba jakar kowane sabon ma'aikaci kafin ya hau babur. Mutanenmu sukan yanke shawarar yadda za su karɓe ka tun kana nesa, kuma karamcinsu ba ya jiran bayani.