Baba Tsaf da Takardun da Ba Su da Baya

Duk wanda ya taɓa shiga maɗaba'ar da ke ƙarƙashin benen masu gyaran waya ya san Baba Tsaf. Ko bai gan shi ba, ya ji shi. Can ƙurya yake, bayan injin bugawa, inda wuƙar yankan takarda take. Da farko za ka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas, yana buga tarin takardu a kan tebur don bakinsu ya daidaita. Sai shiru. Sai fat, wuƙa ta sauka. Sannan muryarsa ta biyo baya a hankali: "Tsaf." Daga nan sunan ya samo asali. Tun gashinsa yana baƙi yake wannan aiki, har ya yi fari, har ya fara yi masa sallama daga tsakiya.

A gida ma haka yake. Takalma a jere, labule a miƙe, biredi kuwa in ya yanka sai ka rantse inji ne. Matarsa, Maman Auta, takan ce ita ba miji aka ba ta ba, rula aka ba ta.

Ana nan sai cikin Auta ya tsufa. Ita ce 'yarsu ta ƙarshe, tana aure a wani gari mai nisa. Wata rana ya dawo daga aiki ya tarar Maman Auta ta sauko da akwati daga kan kabad. Ba ƙaramin ba, babban, wanda ba a taɓa shi sai in za a tashi daga gida. Ya leƙa ciki ya ga kayan zafi, ya ga kayan sanyi, ya ga lema.

"Maman Auta, yaushe za ki dawo?"

"In yaro ya yi wayo."

"Wayo kamar yaya? Ya fara zama?"

"Ko ya fara tafiya. Ko ya shiga makaranta. Me na bari a nan da zai lalace? Kai ne da rediyo, kuma dukkanku ba kwa jin abin da nake faɗa."

"Haba dai."

"Haba me? Tunda na shigo gidan nan, ina ka taɓa kai ni? Haihuwa ma maƙwabta ne suka riƙa kai ni asibiti, kana can kana yanka kalanda."

Ya gyara bakin zanin gado da yatsa. Can ya ce, "To, in bi ki mana."

"Ka bi ni ka yi me? Ka auna jaririn da rula?"

Wannan magana ta kwana a cikinsa. Abin da ya fahimta shi ne, in akwatin nan ya fita ba tare da shi ba, to zai daɗe yana cin abinci shi da bango.

Washegari a wurin aiki aka kawo bugun takardun rangwame na shagunan sabon layi: gidan kofi, shagon kayan zaƙi, da wasu ajujuwan koyon abubuwa. Kafin launi ya zauna a inji, sai mai injin, wanda kowa ke kira Tawada saboda launin faratansa, ya yi ta sakin takardun gwaji. Su waɗannan gaba kawai ake buga musu, bayan nan fari fat, sai a watsa su kwando. Baba Tsaf bai taɓa iya ganin takarda mai kyau a kwando ba. Ya tsince su, ya buga su ƙwas ƙwas, ya yanka.

"Baba, babu baya fa," in ji Tawada. "A baya ake rubuta sharuɗɗa."

"Lambar da suke dubawa a ina take?"

"A gaba."

"To shi ke nan."

Oga mai maɗaba'ar ma da aka tambaye shi, hannu kawai ya ɗaga ya ce a ɗauka. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, duk shekarun nan Baba Tsaf bai taɓa karanta abin da yake yankawa ba. Shi gefen takarda yake kallo. Katin biki, takardar asibiti, jarrabawar makaranta, duk sun bi ta hannunsa, kuma in ka tambaye shi me suka ce, sai ya gaya maka faɗinsu da tsawonsu.

Ranar hutu ya sa rigarsa mai guga, ya ce wa Maman Auta, "Tashi, fita za mu yi."

"Wa ya rasu?"

"Babu. Kofi za mu sha."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta taɓa goshinsa, sannan ta ɗauki mayafi.

Gidan kofin duk gilashi ne, kujerun dogaye kamar na aski. Sai da ya tallafa mata ta hau, ƙafafunta suna lilo. Wata yarinya mai hidima ta zo da murmushi, ta karɓi takardar, ta juya ta, ta sake juyawa.

"Baba, ina bayan?"

"Ga shi nan kina kallo."

"Ai babu komai a jiki."

"To kin gani, babu sharaɗi ke nan."

Yarinyar ta danne dariya ta yi bayani. Sharaɗin shi ne mutum ya ɗauki hotonsa da kofin, ya ɗora a waya duniya ta gani. Baba Tsaf ya zaro wayarsa mai maɓallai, wadda aka ɗaure da roba, ya ajiye a tebur. Yarinyar ta kalli wayar kamar ta ga kayan tarihi. Ƙarshe ita ta ɗauke su hoto da tata, ta ce su matso kusa da juna.

"Ku ƙara matsowa. Mama, ai ba baƙo ba ne."

"Ke kika san haka," in ji Maman Auta.

Aka kawo kofi a wasu 'yan ƙananan kofuna kamar murfin kwalba. Maman Auta ta leƙa nata.

"Wannan ɗanɗano ne, na gasken yana zuwa?"

Ta kurɓa, fuskarta ta tattare wuri guda. "Baban Auta, maganin zazzaɓi ya fi wannan tausayi."

Shi kuwa ya shanye nasa tas, idonsa yana ruwa, don bai yarda a bar abin da aka yi wa rangwame ba. Daren nan bai runtsa ba, sai da ya jera duk cokulan gidan bisa tsawo.

Fita ta biyu shagon askirim ce. Nan ma aka juya takarda aka ga fari. Ashe rangwamen na yara ne 'yan firamare. Mai shagon, wani ƙato mai son raha, ya ce zai karɓa, amma sai sun cika ƙa'idar yara: su sa hular takarda mai tsini, su zauna a ƙaramin tebur. Maman Auta ta ce ita ba za ta sa ba ko sama da ƙasa za su haɗu. Da aka kawo askirim ɗin, kala uku da ɗan biskit a tsaye a kai, sai ga ta da hula. Wata 'yar yarinya a tebur na kusa ta tambaye ta ajinta nawa.

"Maimaici nake yi, 'yar nan," ta ce, tana nuna mijinta da cokali. "Malamin nawa ne ba ya koyarwa."

Shi Baba Tsaf hankalinsa yana kan hular. An yanka ta a karkace, abin yana ci masa rai.

Daga nan kullum ya dawo sai ta ce, "Yau kuma ina farar takardarka za ta kai mu a kunyata mu?" Tana faɗa tana neman mayafi. Amma shi bai lura da mayafin ba, akwati yake kallo. Akwatin kuwa sai ƙara cika yake. Har ya ga ta sayo tikitin mota, guda ɗaya, ta sa a ƙarƙashin agogo.

Takarda ɗaya ta rage masa. A gabanta akwai hoton furanni da manyan haruffa, waɗanda a karon farko ya daure ya karanta: darasin numfashi da natsuwa, mata da miji. Ya ce a ransa, wannan kam babu abin da zai ɓaci, numfashi ai sun daɗe suna yi.

Ajin a saman bene yake. Aka ce su cire takalma. Ciki shimfiɗu ne a ƙasa, da wasu manyan ƙwallaye, da ma'aurata matasa zaune biyu-biyu. Baba Tsaf ya dubi matan, ya sunkuyo ya raɗa mata, "Yaran zamani da ƙiba. Askirim ɗin nan ne."

"Wace ƙiba? Buɗe idonka, malam. Ciki ne da su, dukkansu."

Kafin su juya, malamar ajin ta iso, wata gajeriyar mata mai muryar ma'aikatan jinya. Ta karɓi takardar, ta juya, ta dubi Maman Auta, ta dubi cikinta cikin ladabi.

"Mama, wata nawa?"

"Watan me? Na ƙarshen da na haifa ita ce ke shirin haihuwa yanzu."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Baba Tsaf ya fara laluben takalmansa, amma malama ta tare ƙofa.

"A'a, kakanni ai su muke nema. Baba, ka taɓa yi wa jariri wanka?"

Maman Auta ce ta amsa. "Shi? Sai sun fara gaishe shi yake sanin an haife su."

Aka ba kowane miji 'yar tsana da baho da tawul. Malama ta nuna yadda ake tallafe kai, yadda ake gwada ɗumin ruwa da gwiwar hannu, yadda ake naɗe jariri. Wankan bai yi masa kyau ba, 'yar tsanar ta nutse har sau biyu. Amma da aka zo naɗewa sai ya ji ya dawo gida. Ya shimfiɗa tawul, ya karya gefe, ya karya ɗaya gefen, kusurwa ta hau kusurwa kamar ƙunshin takardun banki. Samarin kusa har sun fara leƙowa. Daga nan hannunsa ya yi abin da ya saba yi ba tare da ya tambaye shi ba. Ya ɗaga jaririn tsaye, ya buga shi a kan tebur.

Ƙwas, ƙwas, ƙwas.

"Tsaf."

Wata mai ciki ta yi ihu. Malama ta dafe ƙirji. "Baba! Ka kashe shi!"

Maman Auta kuwa ta zame daga kan ƙwallon da aka zaunar da ita, ta zube a shimfiɗa tana dariya har da hawaye, tana bugun ƙasa. Shi bai taɓa jin wannan dariyar tata ba, ko kuma ya ji ya manta. Amma bai yi dariya ba. Ya tsaya riƙe da 'yar tsana, yana tunanin shi ke nan, ya ƙarasa rufe mata akwatin tafiyarta da hannunsa.

A hankali ya warware tawul ɗin. "Malama, a sake nuna mini."

Ta nuna. Ya yi, kai ya karkace. Ya sake. Ya sake. Sauran suka wuce darasin gaba, shi yana gefe da bahonsa, ya naɗe hannun riga, yana tsoma gwiwar hannu a ruwa yana magana da 'yar tsana ƙasa-ƙasa: "Yi haƙuri, ɗan nan, kakanka ne bai iya ba." Maman Auta ta daina dariya. Tana kallon ƙaton hannun nan mai tabon takarda a ƙarƙashin ɗan kan roba.

A ƙarshe malama ta ce kowane miji ya danna wa matarsa ƙugu da tafin hannu. Baba Tsaf ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara.

"Nan?"

"Ƙasa kaɗan. Yauwa, nan."

"Ciwo yake yi miki?"

"Tun haihuwar babban yaronka."

Ya ci gaba da dannawa har aka tashi, har malama ta fara kashe fanka.

Da suka isa gida ta shiga ɗaki, ya ji tana jan kujera, sai ga ƙaramin akwati ya faɗo daga kan kabad, tim, ƙura ta tashi.

"Ka gaya wa ogan naka duk hutun da ba ka taɓa ɗauka ba ka zo karɓa. Tawada ya koyi yanka."

"Tawada? Ai a karkace zai..."

"To zauna ka yi ta yanka."

"A'a, zai koya."

Washegari ta dawo daga tasha ta miƙa masa tikiti na biyu, amma ba ta saki ba.

"Nawa rangwamen yana da sharaɗi. Rula ba za ta je ba. Kuma in ka ɗauki jikana, babu tebur kusa da kai."

"Na ji."

Ta saki. Ya sa tabarau, ya juya tikitin, ya karanta bayansa tun daga sama har ƙasa, har da ƙananan rubutun da ke maganar nauyin kaya. Sannan ya ɗaga shi saitin taga, ya rufe ido ɗaya.

"Maman Auta, wa ya yanka musu wannan?"