Bushon Ɗin Kawu

Ko tsufa ya kwashe mini hankali, ba na jin zan manta wahalar da na sha a kan murfin bakin mai na motar kawuna.

Kawu tsohon ma'aikacin duwan ne, wato kwastan, a Diffa. Yana da wata jar mota mai kujera biyu, marar rufi, wadda ya saya hannun wani Bature tun ban san dama da hagu ba. Ba ta ɗaukar ko buhun tattasai ɗaya, gudu kawai ta iya, shi kuwa Kawu gudun yake so. Ya taɓa faɗawa rami da ita a hanyar Gagamari. Yana kwance da karayar ƙafa, tambayarsa ta farko ita ce ko fitilar motar ta fashe.

Bayan ya warke ya buɗe injin, sai ya ga babu murfin bakin mai, wanda shi yake kira bushon. Makaniki ya kawo wani na roba. Kawu ya jefar, ya rantse da Allah ba zai sake tayar da motar ba sai da bushon dorijin, wato nata na asali, mai ƙyalli da tambari a ka.

Haka motar ta yi shekaru a ƙarƙashin rumfa, kaji na ƙwai a kujerunta. Sai ga likita ya ce idon Kawu na tafiya. Ya kira ni, murya a sanyaye.

"Ɗana, ina son in tuƙa ta zuwa bakin kogin Komadugu ko sau ɗaya kafin duhu ya rufe ni. Nemo mini bushon."

Tausayinsa ya kama ni, na shiga yawo. Ba garejin da ban leƙa ba a Diffa. Na je Damagaram, wani ya rantse nasa dorijin ne, ashe daga injin ban ruwa ya kwance shi. Wani ɗan Najeriya ya aiko da nasa, ya ce orijinal ne, muka buɗe muka ga murfin tankin babur. Kawu yakan shafa kowanne da yatsa, ya shinshina, ya yi tsaki. Wallahi har na fara tsanar Baturen nan da ban taɓa gani ba.

Wata rana da hantsi na dawo a gajiye, na shiga gaida Inna, matar Kawu. Ta zuba garwashi a kasko za ta yi turaren wuta.

"Miƙo mini ma'aunin can," in ji ta.

Na ɗauko shi daga cikin kwalla. Ƙarfe ne mai nauyi, ya yi baƙi da turare. Na juya shi, sai ga tambari.

"Inna! Ai wannan ne bushon ɗin!"

"Wane ne kuma bushon?" Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ni ban yi lakwal ba, ban shiga aji ba balle in ji Faransanci. Shekara da shekaru kuna bushon, bushon, akwai wanda ya taɓa tambayata murfi?"

Kawu ya jiyo mu, ya lallaɓo yana dafa bango. Na sa masa a hannu. Ya shafa tambarin da yatsa.

"Hajiya, ke ce?"

"Ni ce, Alhaji. Ran da aka kawo ka a kwance na cire shi. Na san halinka, ba za ka sa na roba ba. Ƙafa ɗaya ta ishe ni jinya."

"To yau me ya sa kika fito da shi?"

"Yanzu ai ko ka so gudu, ba ka ganin hanya."

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Kawu ya buɗe baki zai yi faɗa, sai hawaye suka riga shi.

Da makaniki ya tashi motar, aka kori kaji, Kawu ya riƙe sitiyari, Inna ta zauna gefensa tana cewa, "Dama, Alhaji. Ga akuya. Taka burki!" Ni ina biye a babur. Amalanken jaki ya wuce su, mai jakin har da sallama. Injin na ɗaukar zafi, unguwa ta gauraye da ƙamshin turare. Haka suka isa bakin ruwa, suka zauna cikin motar, tana faɗa masa abin da take gani.

Bai sake tuƙi ba, kafin tattasan bana ya nuna idon ya rufe. Ni dai tun ranar, in abu ya ɓace a gida, nakan fara tambayar matar gidan, kuma da Hausa. In ta ce ba ta gani ba, sai in bar neman, don wataƙila raina take tsarewa.