Wutar da Ke Cikin Gero

Shekarar da harsashi ya kore mu daga gidanmu na cikin gari, a Walia muka sauka, can hayin kogi, a rumfar wani masunci abokin marigayi babanmu. Mu uku ne: ni, ƙanena Isa, da Kaka. Buhun gero ɗaya muka ɗauko, shi ma bai haye gada ba. Abakar ne ya sauke shi daga amalanke, ɗan maƙwabcinmu da ya girma yana suɗe kwanon Kaka, ya rataya bindiga ya shiga cikin mayaƙa. Kaka ta ce, "Abakar, ni ce fa." Ya ce, "Na gan ki, Hajja. Wuce."

Bayan magariba Kaka takan hura wuta da karan dawa, ta dama ɗan garin da aka sam mana, ta tura mana ƙwaryar ta ce ita ta ƙoshi. In ƙarar bindiga ta taso daga tsallaken kogi, sai ta ɗaga murya ta fara tatsuniya: "Ku matso, ga ta nan tana ɗumi."

Wai Rana ce ta nemi mai ajiye mata wuta. Dutse ya karɓa, kafin asuba ya huce. Ruwa ya karɓa ya kashe. Ganye kaɗai ya iya: ya gauraya ta da ruwa da iska, ya dunƙule ta ta zama zaƙi, ya ɓoye a ƙwayar gero. Jikin mai rai kuwa ɗakuna ne ƙanana da ido ba ya gani, kowanne da murhunsa. In ka ci, jini ya kai wa kowane ɗaki rabonsa, numfashi ya yi fifita, wutar ta ci sannu a hankali. Da ita kake tafiya, da ita kake kuka.

Sai Kura ta fasa rumbun marayu ta haɗiye geron duka. Wutar ta bi jininta ɗaki ɗaki tana sallama, ba ƙofar da ta buɗe. Kura na ci tana ramewa, tana sha ƙishirwa na ƙaruwa. "Haka za ta ƙare," in ji Kaka, tana nuna wajen gada da muciya, "cikinta cike, ɗakunanta duhu."

Ni tun ina ƙarama mai zullumi ce. Na ce, "Kaka, ke da ba kya ci, me murhunki yake ƙonawa?"

Ta yi dariya. "Uwar tsoro! In itace ya ƙare, ai da ajiya ake farawa. Kitse tukuna. Sannan kujera, sannan ƙyaure."

Na ga ajiyar ta tafi. Na ga awarwaronta yana zamewa har gwiwar hannu. Kaka ba ta ga sabon gero ba.

Yanzu kunu nake sayarwa a unguwar Digel. Karatuna bai wuce firamare ba, amma da wata ma'aikaciyar asibiti da ke sayen kununa ta yi mini bayanin ciwon suga, sai na tuna Kurar Kaka: zaƙi ya cika jini, ƙofofi a rufe, jiki na cin kansa. Ta ce ba hukunci ba ne, mutanen kirki ma yana kama su. Na yarda. Gwaggona mai yawan azumi da shi ta rasu.

Amma ranar da Abakar ya tsaya gaban tukunyata, riga na lilo a jikinsa, leɓe a bushe, yana jan ƙafa, ban tuna da gwaggo ba. Bai gane ni ba.

"Yaya, zuba mini. Ki cika suga, don Allah, kada ki ji tsoro."

Cokalin yana hannuna. Na san abin da zai yi masa in na dinga cikawa kullum. Na mayar da shi cikin gwangwani, na zuba masa tsululu marar suga, na ce wannan ne daidai da shi. Ya sa mini albarka.

Kullum yana zuwa, kullum ina kula da shi kamar ɗan'uwa. Maƙwabta suna yaba tausayina, ni kuwa in na idar da salla sai in yi ta istigfari, don na san abin da ke raina. Kaka ba ta ce Kura ta mutu ba. Ina so ya daɗe, ɗakunansa duhu.