Ƙahon Rago a Wuyan Mai Doka

Ina cikin shekarata ta uku da fara koyar da Turanci a wata ƙaramar sakandare, a wani ƙauye kusa da Dangora, aka tura ni bita Kano. Kwana biyar muka yi. Abin da na fi riƙewa shi ne tambayar da wata malama mai furfura ta yi mana: "A cikinku wa ya koyi Hausa da alli?" Ta ce yaro sai ya sha jin "zo" da "ajiye" da "bari", jikinsa yana amsawa, kafin bakinsa ya buɗe. Haka kowane harshe yake shiga, in ji ta, kunne ya fara, jiki ya bi, baki ya zo daga baya. Wanda kuwa ake hukuntawa a kan kuskure, shiru zai koya, ba Turanci ba.

Na dawo ina ta zumuɗi. Sai dai makarantarmu da nata tsarin. Mataimakin shugabanta wani dattijo ne da muke kira Baba, ya kusa ritaya, rabin malamanmu ma shi ya koyar da su. Dokarsa ita ce duk wanda ya yi Hausa a cikin aji, a rataya masa wani ƙahon rago da aka huda aka zura wa igiya. Mai ƙahon sai ya kasa kunne, in ya kama wani ya miƙa masa. Wanda aka tashi ƙahon na wuyansa, shi zai share aji. Amfani ɗaya na ga dokar ta yi, ajin ya fi maƙabarta shiru. Yara sun gano cewa wanda bai buɗe baki ba, ƙaho ba ya samunsa.

Ban nemi izinin kowa ba. Ran Litinin na sa aka matsar da bencina jikin bango. Na ce "Stand up," na miƙe, suka miƙe. Na ce "Touch the door," na je na taɓa ƙofa, suka bi ni ɗuu. Ban fassara ba, ban rubuta komai a allo ba, ban kuma ce kowa ya maimaita ba. Bayan mako biyu sai na juya abin, ɗalibi ya fito ya ba da umarni, mu duka mu bi, har da ni. Na sha tsalle, na sha tsuguno. Ajina ya koma kamar tashar Kwanar Dangora ran kasuwa.

Hayaniyar ce ta jawo Baba. Wata Laraba da hantsi sai ga shi bakin ƙofa, hannuwa a baya, yana dubana ta saman tabarau. Cikin Turancinsa na mutanen da, ya tambaye ni ko makarantar ta koma filin wasa ne ba a sanar da shi ba. Nan shaiɗanin tsokana ya raɗa mini wani abu. Na rusuna, na ce da Turanci ai darasin ba ya ganuwa daga waje, sai an shiga ciki. Na jawo masa kujerata, na ce amma duk wanda ke cikin ajin nan yana bin umarni. Ya ce ya ji, ya zauna.

Na duba wadda zan kira, idona ya sauka kan wata yarinya da ke can lungu. 'Yar masunta ce, kakanninta suna cikin waɗanda ruwan madatsar Tiga ya tasa, an kawo ta wajen gwaggonta don karatu. Shekara biyu tana makarantar ban taɓa jin Turanci a bakinta ba. Ran nan ƙahon yana wuyanta tun safe, don benci ya matse mata yatsa ta ce "wayyo".

Ta fito, ta durƙusa ta gaishe shi da kai kawai. Ta dube ni, na gyaɗa mata kai.

"Please sir, stand up."

Baba ya miƙe.

"Sit down."

Ya zauna. Ta ga fa da gaske abin yana aiki. Murya ta fara fitowa. Ta sa shi ya taɓa hanci, ya taɓa kunnen hagu, ya je taga ya buɗe, ya rufe, ya dawo. Sauran yara sun manta su ma ana nufinsu, sun tsaya kallo. Ta koma kan tashi da zama, ta yi ta jera masa su ba hutu. A karo na shida Baba ya dafa ƙugu ya ce, da Hausa tsantsa:

"Ke yarinya, gwiwar nan fa ba ta ƙarfe ba ce!"

Aji ya ɗauke wuta. Ni kaina na ƙame. Yarinyar ta zare igiyar daga wuyanta, ta durƙusa gabansa, ta miƙa masa ƙahon da hannu biyu, kanta a ƙasa.

Na ce a raina yau takardar canjin wajen aiki ta same ni. Baba ya dubi ƙahon, ya dubi yarinyar, ya dube ni. Ya cire hula, ya rataya ƙahon a wuyansa, ya mayar da hula, ya fita. Sai da ya yi nisa yara suka fashe da dariya, wasu har da faɗuwa kan benci.

Haka ya wuni da shi, har ofishin malamai. Ba wanda ya iya tambayarsa. Ni kuwa ina ta murmushi, ina jiran in ga wa zai miƙa wa Baba tsintsiya.

Saura kaɗan a kaɗa ƙararrawar tashi, ina cikin ajin ina duba littattafai, sai Baba ya leƙo da sauri.

"Malam, jan babur ɗin nan na gindin darbejiya ba naka ba ne? Ga akuya can tana cin kujerarsa."

Na zabura. "Kai! Akuyar wa?"

Ban rufe baki ba na ji igiya ta sauka a wuyana. Ƙararrawa ta buga. Babu wata akuya.

Na share ajin nan tas, yara sun ƙi tafiya, sun cika tagogi. Baba yana bakin ƙofa yana nuna mini inda na tsallake. Da na gama ya jawo ni gefe ya ce, "Jimla nawa yarinyar nan ta yi yau?" Na ce ban ƙirga ba. Ya ce shi ya ƙirga, da gwiwarsa, sun haura ashirin, kuma babu kuskure ko ɗaya. Ya ce in ci gaba, amma in rage ihun, ajin lissafi na kusa. Ƙahon kuwa bai soke shi da baki ba, ya dai karɓa ya jefa a aljihun tebur, bai ƙara fito da shi ba.

Da na koma gida matata ta ga ƙura har kan hulata, ta tambayi abin da ya faru. Na ba ta labari ina fahari. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ashe ka iya. To, ga tsakar gida can, awaki sun ɓata ta tun azahar."