Makaɗin Kaka

Na daɗe ina ɗauke da wannan abu, na kuma gaji da shi, shi ya sa zan faɗa. A gidanmu na Zuru, in an ci tuwon dawa an kwashe kwanoni, Kaka takan jawo tabarmarta kusa da murhu, ta tura gyaɗa cikin toka, mu kewaye ta. Yanar ido ta riga ta rufe mata gani, da murya take gane mu. Ni take kira mijinta, irin wasan kaka da jika.

Ina aji biyu na sakandare wani Ibo mai shago kusa da tasha ya kawo kwamfutoci masu wasan harbi. Ranar farko an kashe ni tun ban gano yadda ake tafiya gaba ba, abokai suka yi ta dariya. Mai shagon ya yagi kwalin sabulu ya rubuta mini: W gaba, S baya, A hagu, D dama, R ɗura harsashi, dogon madanni tsalle. Amma duk sanda na sunkuya duba kwalin, kafin in ɗago an harbe ni. Sai na zana madannan da gawayi a bayan tiren Kaka. Tana tatsuniya, ni ina gefen wuta ina ta dannawa.

Wata rana ta kawo tatsuniyar wani maharbi mai mantuwa. Kibansa iri-iri ne, ta barewa daban, ta gwanki daban, ta ɓauna daban. Ya zana alamar kowacce a sakaina ya rataya a wuya, in dabba ta fito sai ya duba. Kullum in zai shiga daji matarsa takan raka shi da waƙa. Kaka ta soma rera waƙar da yarenmu na C'lela, yatsuna suna ta tafiya a kan tire. Sai ta tsaya.

"Wa ke mini kiɗa?"

Ƙanwata Ladi ta buɗe baki, na take mata ƙafa.

"Ni ne, Kaka."

"Ashe makaɗi na aura. Duk cikinku mijina kaɗai ke jin waƙar nan, sauran gyaɗa ta kawo ku. To riƙe mini, mu koma."

Sau uku ta maimaita. Daga ranar, duk inda waƙa ta zo a tatsuniya sai ta juyo wajena ta jira. Ban taɓa gaya mata gaskiya ba. Har gyaɗa take ware mini, wai ladan makaɗi, ina karɓa ina ci.

A wancan daren, bayan waƙar, ta ci gaba da tatsuniyar: ran nan ɓauna ta fito daga ciyawa, maharbi ya sunkuya yana neman alamarta a sakaina. "Abin da hannu bai sani ba," in ji Kaka, "ba a gaban ɓauna ido zai koya masa ba." Da jin haka na samu abin da nake nema, na daina saurare. Washegari na bar kwalin a gida, na bar hannu ya ɓata ya gyara da kansa. Kafin a gama girbi ba mai iya tsayawa gabana a shagon.

Kaka ta rasu da daminar da ta biyo baya. Shagon ma ya daɗe da rufewa. Yanzu gyaran waya nake yi a Ribah, in dawo gida da ciwon baya da idanu masu yaji. Kwanan nan 'yata Tani ta matsa sai na yi mata tatsuniya. Na ɗauko ta maharbin nan, na kai ta har inda ɓauna ta fito.

"Sai me, Baba? Ta kashe shi?"

Ban sani ba. Na kira Ladi a waya, ta ce ita barci ya kwashe ta a ranar kafin a kai ƙarshe. "Kai ne makaɗin ai, Yaya. Kai za a tambaya."

Ko kalma ɗaya ta waƙar ba ta zauna mini ba. Shekaru ina ganin na fahimci maganar Kaka, tunda na ci wasa da ita. Sai yanzu na ga hannu yana riƙe abin da aka ba shi ne kawai, ni kuwa ga abin da na ba nawa. Ina wannan tunani ashe yatsuna suna tafiya a kan tabarma: gaba, hagu, baya, dama.

Tani ta dubi hannun, ta dube ni.

"Baba, kiɗa kake yi?"

"A'a," na ce. "Ba kiɗa ba ne. Zauna in gaya miki."